Ragon Suna a Birnin Kolon

A Lakwaja na gamu da mutum biyun da suka juya mini rayuwa, kuma a kasuwa ɗaya na gamu da su. Ta farko Kulu ce, 'yar garin Mada, bazawara mai sauran ƙuruciya, wadda ta biyo gwaggonta fatauci, gwaggon ta rasu a can ta bar ta ita kaɗai. Na biyu wani Bature ne mai jan gemu, wanda ya tsaya a kaina ina saƙa a inuwar wata bishiya, ya yi ta kallon ƙoshiya tana shiga tana fita kamar bai taɓa ganin zare ya zama zane ba.

Sunana Mani, masaƙi ɗan masaƙi, daga Kekun Waje ta ƙasar Bungudu. A lokacin ba a daɗe ba da Turawa suka ci Sakkwato, ni kuwa tun ina ƙarami ba abin da ke hana ni barci irin labaran fatake. In sun sauka zango suna zancen birane masu gidajen madubi da ruwan da ba a hango gaɓarsa, sai in ji garinmu ya matse ni kamar rigar yarinta. Abin da ya kai ni Lakwaja ke nan, shi ne kuma ya kai ni inda ya fi Lakwaja nisa.

Kulu tana kaɗi, ni ina saƙa. Zarenta na fara saye, daga baya na lura ina sayen zaren da ba ni da aikin da zan yi da shi. Tana da wushirya, kuma in za ta yi dariya sai ta kare bakinta da bayan hannu, yatsunta fari fat da alli. Tun daga lokacin ban ƙara ganin wata ya leƙo daga bayan girgije ba ban tuna da wannan hannun ba. Wani malami Banufe ya ɗaura mana aure a zaurensa, shi ya tsaya mata waliyyi. Babu nawa ko ɗaya a wurin, babu nata. A ranar ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

Baturen, wanda muka laƙaba wa Jan Gemu, yana jin Hausa gutsi-gutsi. Ya ce mutanen ƙasarsu, Jamus, suna marmarin ganin yadda muke sana'o'inmu. Damina ɗaya kawai za mu yi, ya maido mu kafin sanyinsu ya sauko. Na tambayi Kulu ra'ayinta, ta ce, "Malam, inda ka sa ƙafa nan nika sa tawa."

A cikin jirgin ruwa mai hayaƙi, ina kwance amai ya galabaitar da ni, sai na ji wani a bayana yana cewa, "Wanga ruwa dai ba ya da niyyar ƙarewa." Na ɗaga kai da sauri, don Hausar gida na ji. Wani dattijo ne dogo siriri, da malfa a ka da sanda a kafaɗa.

Ya ce, "Kai ɗan ina?"

Na ce, "Kekun Waje, Baffa."

"To, ni Bilbis. Mi ya kai masaƙi bisa ruwa?"

"Son ganin duniya."

"Ga ta nan, kalle ta da kyau," ya ce, ya turo mini ƙwaryar amai.

Shi ne Baffa Sambo, Bafillace makiyayi. Ya kora shanu zuwa Ikko annoba ta cinye su a hanya, kunyar komawa da sanda kaɗai ta sa ya bi Jan Gemu. Daga ranar ya zama ubana da uban Kulu.

Da muka sauka sai na gane abin da aka kawo mu yi. A kowane gari aka kai mu, ana kafa mana bukkoki na ciyawa a cikin shinge, a buga ƙararrawa mu fito, ni in zauna gaban saƙa, Kulu ta juya mazari, Baffa ya tsaya da ƙafa ɗaya ya dogara sanda ba tare da ko saniya ɗaya a gabansa ba. Mutane su yi cincirindo a bayan shinge suna nuna mu da yatsa. Akwai masu miƙo hannu su shafi fatata su duba tafinsu. Akwai kuma wata mata da ta lura Kulu na da ciki, ta koma ta dawo da takalma masu gashi a ciki, ta ajiye a bakin shinge ta tafi ba ta jira godiya ba. Mu da muke cikin shingen ba mu da yawa: Nufawa maƙera, Barebari dukawa, da wata tsohuwa Banufiya mai ginin tukwane.

Ganye ya yi ja ya zube, sanyi ya sauko, zancen jirgi ya ɓace daga bakin Jan Gemu. Da Baffa ya matsa masa, sai ya ce teku ta rufe sai bazara. Ya kwashe mu ya zuba a wani tsohon gidan gasa bulo a bayan wani ƙauye, kusa da babban birnin da suke kira Kolon. Rana takan fito a makare, ta tsaya can ƙasa kamar mai jinya, ta koma tun ba a yi la'asar sosai ba. A wannan gidan na san kewar gida. Ba uwata na fi tunawa ba, Allah ya gafarta mini. Ƙamshin karan dawa da ake ƙonawa bayan girbi nake tunawa, da kukan jakin maƙwabcinmu da na sha tsine wa.

A nan Kulu ta haihu, namiji, a hannun tsohuwar nan Banufiya. Babu kunun kanwa, babu ganyen runhu na wanka, itacen dafa ruwan wankan jego ma sai da na fasa dirkokin bukkokin kallo a ɓoye. Duk da haka zazzaɓi ya kama ta. Jikinta zafi kamar tukunya, amma haƙoranta suna haɗuwa. Abin rufarta na kirki guda ɗaya ne, wani farin gwado mai kauri da na saƙa da zaren da ta kaɗa da hannunta.

Saura kwana biyu suna ta kira ni. Ba ta dubi yaron ba, kamar yadda ya kamata ga mai ɗan fari, bango take kallo tana magana.

"Malam, ba wanda ya ga ɗaurin aurenmu. In na koma Mada da goyo, mi za ni ce musu? In kuma ban koma ba, kai ka kai shi, wa za ya yarda da kai? Ka san bakin mutanenmu. Ɗan da ubanai bai yanka mishi rago ba, ka san sunan da ake kiran shi."

Na sani. Na taɓa ganin yara sun tsare wani a dandali suna jifansa da wannan sunan har ya bar garin.

Na ce, "Kulu, a ƙasar nan ko kukan tunkiya ban ji ba tun da sanyi ya shigo."

Ta ce, "Ni dai a yanka, a gaban Baffa. Shi dattijo ne, in ya faɗa za a yarda. In anka yi wannan, ko ban tashi ba babu komi."

Na sami Jan Gemu na yi masa bayani. Ban taɓa ganin ya amsa roƙo da sauri irin na ranar ba. Ya ce gobe jajiberin Kirsimeti ne, bikinsu na haihuwar Annabi Isa, birni zai cika, babu abin da ba za a samu ba. Ni da Baffa mu sa manyan rigunanmu, Baffa kada ya manta da malfa da sanda, shi zai kai mu a jirgin ƙasa da safe mu dawo da yamma.

Da gari ya waye Kulu ta yaye gwadon daga jikinta ta naɗe ta miƙo mini. Na ƙi karɓa.

Ta ce, "Karɓi. Kada ka amshi ragon kyauta daga hannun mutumen nan. Da abin uba ake sayen ragon suna, kuma ba ka da abin da ya fi wannan."

Tsohuwar ta lulluɓe ta da buhuna da zanenta guda. Na rataya gwadon a kafaɗa, ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan mayar mata.

Zan faɗi gaskiya, ko da damuwar da ke cikina, birnin ya ɗauke mini numfashi. Fatake ba su yi ƙarya ba, sun ma rage. Daga tashar jirgi muka fito sai ga majami'arsu a gabanmu, baƙa, mai hasumiya biyu da suka shige cikin gajimare, duk jikinta sassaƙe kamar ƙwaryar amarya. Dusar ƙanƙara ta kwanta a kan rufin gidaje kamar sabuwar abduga da aka shanya. Kowace taga akwai itace kore mai ganye kamar allura, an maƙala masa kyandirori da 'yan ƙwallaye masu ƙyalli. Rumfunan kasuwa a jere, ƙamshin zuma da kanumfari da gasasshen abu ya cika hanci. Yara da jajayen kumatu suna rera waƙa a gefen hanya, mata suna ta kai da kawowa da ƙunshe-ƙunshe. Na ce a raina, da Kulu na nan da ta kare baki da hannu ta yi dariyar nan tata. Sai na tuna a cikin buhu na baro ta.

Baffa ba abin da ya kalla sai rumfunan mahauta. Nama a rataye ko'ina, dinya da aladu da zomaye, amma ko dabba ɗaya mai rai babu.

Ya ce, "Mani, waɗanga mutane a mace suke haihuwar bisashensu ne?"

Jan Gemu ya kai mu ƙofar wani gidan giya na abokinsa. Ya ce mu tsaya nan, mai ragon yana zuwa. Ya ce Baffa ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar yadda ya saba. Shi ya shige ciki inda ake da wuta. Kafin mu ankara mutane sun kewaye mu, suna kallo suna dariya, in sun gaji da kallo su shiga ciki su sha. Muka tsaya tun hantsi har rana ta karkata. Ƙafafuna suka daina ji. Na ce Baffa ya yafa gwadon, ya ƙi, ya ce abin sayarwa ba a shafa masa warin jiki. Tari ya fara kama shi, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji.

Daga ƙarshe Jan Gemu ya fito, fuskarsa ta yi ja kamar gemunsa. Na ce, "Ina ragon?" Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar tunkiya ta itace, irin wadda ake sayar wa yara a rumfunan, an manna mata ulu. Ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce a wannan lokacin ba a sayar da rago mai rai, wannan ma ta isa, ai yaron ba zai gane ba. Abokansa suka fashe da dariya. Ya ce mu same shi a tasha in an kunna fitilu, ya koma ciki.

Na tsaya da abin a hannuna. Ban taɓa jin ina son kashe mutum ba sai ranar. Baffa ya karɓe ta, ya miƙa wa wata yarinya da ke kallonmu, ya ja hannuna.

"Taho. Hushi ba ya zama rago."

Muka bi lunguna ba mu san inda muka nufa ba. Hasken rana ya fara dushewa. Ina ta shirya abin da zan ce wa Kulu, kowace magana na ɗauko sai ta zube. Kwatsam Baffa ya tsaya cak, ya karkata kai.

"Ka ji?"

Ban ji komai ba sai hayaniya da ƙararrawa. Shi kuwa ya riga ya juya yana sauri, yana tari yana ratsa mutane kamar saurayi. Muka fito wani fili a gaban wata ƙaramar majami'a, sai na ji da kunnena: kukan tumaki.

An yi shinge, a cikinsa an kafa bukka mai rufin ciyawa, ba ta da bambanci da waɗanda ake kafa mana. A cikin bukkar akwai mutum-mutumi na itace: mace a durƙushe da shuɗin mayafi, namiji da sanda, da jariri a kwance cikin komin dabbobi. A kewayensu kuma dabbobi na gaske, jaki ɗaya da tumaki, cikinsu har da wani rago fari mai murɗaɗɗen ƙaho. Mutane sun yi cincirindo a bayan shingen, amma waɗannan ba sa dariya, maza sun cire huluna.

Baffa ya ce, "A'uzubillahi," ya kau da kai daga gumakan. Ni na kasa. Na tsaya ina kallon macen nan, kanta a sunkuye, a ɗakin da ba nata ba, cikin ciyawa da sanyi, mutane suna leƙenta ta bayan shinge. Hawaye suka zubo mini suka daskare a kumatu.

Shi Baffa abu ɗaya ya gani: dabbobi a cikin shinge a tsakiyar kasuwa. A wurinmu wannan ba ya da wata ma'ana sai kara, kasuwar dabbobi. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake, ya nufi ragon, ya dafa gadon bayansa, ya matsa ƙugunsa, ya buɗe bakinsa yana duba haƙora. Ya ɗago ya ce da ƙarfi, "Ina dillali?"

Wuri ya hautsine. Mata suka yi ihu, wani ya ɗaga sanda, ɗan sanda mai hula mai tsini ya tsallako ya damƙi wuyan rigar Baffa. Na shiga tsakani ina roƙo da Hausa, wadda ba mai ji. Tumakin suka firgita suka watse, ɗaya ta kusa ture jaririn itacen. A nan ne Baffa, wuyansa a hannun ɗan sanda, ya yi irin kiran da Fulani ke yi wa bisashe, wani ɗan sauti da harshe da leɓe. Tumakin suka tsaya, suka juyo, suka taru a gwiwoyinsa.

Sai na ji dariya daga gefen bukkar. Wani tsoho ne gajere mai faɗin kafaɗa, sanye da rigar fatar tunkiya, riƙe da sanda mai lanƙwasa. Da farko na ɗauka shi ma na itace ne, don tun da muka zo bai motsa ba. Shi ne mai tumakin, ya kawo su aro saboda bikin. Ya yi wa ɗan sandan magana a hankali har ya saki Baffa. Sannan ya yi nasa kiran, wata 'yar fito, tumakin suka koma wurinsa. Baffa ya sake yin nasa, suka dawo. Tsofaffin biyu suka dubi juna.

Na tattara 'yan kalmomin da na tsinta a bayan shinge, ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Na ce masa yaro. Na dafa ƙirjina na ce nawa. Na ce gobe. Na nuna ragon. Na faɗi sunan ƙauyen da aka sauke mu, wanda har yau harshena bai iya shi daidai ba, na ce gidan bulo. Sannan na sauke gwadon na shimfiɗa a hannuwansa. Ya murza shi da yatsu, ya ɗaga shi ga haske, ya kai hanci. Ya daɗe yana kallona. Ya nuna majami'ar, ya nuna ragon, ya girgiza kai: ba zai fita ba sai an gama ibadarsu. Sannan ya maimaita kalmar nan, gobe, ya kama hannuna ya girgiza sau ɗaya da ƙarfi. Ya naɗe gwadon ya sa a hammata.

A hanyar tasha Baffa bai bar ni na huta ba, ko da yake muryarsa ta fara shaƙewa.

"Ka ba shi bargon maijego bisa alkawalin da ko kai ba ka ji ba. Da sahe Bature ya cuce ka, da marece ka ce bai isa ba, ka nemo wani."

"Baffa, na ga idonsa."

"Idon Jan Gemu ma ka gan shi a Lakwaja. Kai dai masaƙi, zuciyarka awa ta budurwa."

Da muka isa gida Kulu ta dubi hannuna, babu igiya. Ta dubi kafaɗata, babu gwado. Na yi mata bayani tun daga farko, ta saurara har na gama, ta juya ga bango. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tuɓe babbar rigata na lulluɓa mata a kan buhunan.

Safiyar suna Baffa ya tashi ba murya sam, sai raɗa. Duk da haka ya wasa wuƙarsa, ya yi wa yaron aski da kansa tun da ba wanzami. Nufawa da Barebari suka fito tsakar gida suka zauna kan bulo, aka raba 'yan busassun 'ya'yan itace a madadin goro. Ƙararrawar majami'ar ƙauyen ta fara bugawa, na nesa suka amsa mata. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon hanya, fara sol, ko sawun kare babu. Hantsi ya yi, ya wuce. Mutane suka fara hura hannu suna satar kallona.

Baffa ya matso ƙofar ɗakin Kulu, ya raɗa mini in faɗa mata a yi suna haka nan, Allah ya ga niyya. Na faɗa mata.

Daga ciki ta ce, "Allah ya gani, Baffa. Mutanen Mada ba su gani ba."

Na koma bakin ƙofa. Ina tsaye ina tunanin irin wautar da ta sa na raba mara lafiya da abin rufarta, sai na hango wani baƙin ɗigo a ƙarshen hanya. Ya girma ya zama doki, dokin yana jan keke, a kan keken tsohon nan ne mai tumaki, yafe da farin gwado. A bayansa ragon nan ne a tsaye, an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Daga baya na gane daga can hayin kogi ya taso, ƙanƙara ta toshe masa hanya sai da ya zagaya.

Baffa ya dube ni, ya raɗa, "To, budurwa ta ci."

Muka kai ragon bayan matoyar bulo. Baffa ya duba inda rana take laɓe ya daidaita gabas, Nufawa suka kama ƙafafu za su kwantar da shi. Tsohon ya ga wuƙa, ya gyaɗa kai alamar ya gane, ya koma wurin kekensa. Na ɗauka ba ya son ganin jinin dabbarsa ne. Ashe taimako ya je ɗaukowa. A ƙasarsu sai an doki dabba a goshi ta suma kafin a sa mata wuƙa, tausayinsu ke nan. Ina durƙushe ina riƙe da ƙahon, sai na ga inuwa a kan ƙanƙara. Na ɗaga ido, ga shi a kaina ya ɗaga guduma da hannu biyu.

Baffa ya buɗe baki zai yi tsawa, ba murya. In gudumar nan ta sauka ragon ya mutu, ya zama mushe, ba suna, ba shaida, kuma babu wani ragon a duk faɗin ƙasar da zan samu. Ban yi tunani ba, na faɗa kan ragon na rufe kansa da ƙirjina. Tsohon ya yi ƙoƙarin janye hannu amma ya makara. Gudumar ta same ni a kafaɗar dama, na ji ƙashi ya ce ƙas, duniya ta yi fari sannan ta yi baƙi.

Da na dawo hayyacina ina nan dai rungume da ragon, yana numfashi a wuyana da ɗuminsa. Tsohon ya yar da gudumar, ya durƙusa yana ta magana da harshensu, hawaye a cikin gemunsa. Baffa ya dafa shi, ya nuna wuƙar, ya nuna sama, ya girgiza kai ga gudumar. Tsohon ya share ido, ya cire hula, ya karɓi wurina ya riƙe ƙahon da kansa. Baffa ya yi bisimilla da raɗa, ya ambaci sunan yaron da nawa, ya yanka. Jini ya kwarara a kan ƙanƙara, ja wur, yana tururi.

Aka shafa fatiha. Saura a sanar da suna, kowa ya ji, maijego ma ta ji daga ɗaki. Ga ƙararrawa sai ƙaruwa take kamar za ta tsaga sama. Wani daga cikin Nufawa ya gyara murya zai faɗa, Baffa ya ɗaga masa hannu, ya nuna ni.

Na ce, "Baffa, ɗan fari ne fa."

Ya jawo kunnena kusa da bakinsa. "Na sani. Nan ba maroƙi, ba kawu, ba kaka. Kai ne duka. Kuma ba sunan take son ji ba, bakin da za ya hwaɗe shi take son ji."

Ubana har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayanmu a bakinsa ba, haka kakana. Na miƙe da ƙyar, hannuna na dama yana lilo. Na fuskanci ƙofar ɗakin Kulu, na cika ƙirjina da iskar nan mai yanka, na kira sunan ɗana da iyakar ƙarfina, na haɗa da nawa. Ƙararrawa ta haɗiye shi. Na sake, har na ji kafaɗar kamar za ta rabu da jikina.

Tsohuwar Banufiya ta rangaɗa guɗa daga ciki. Da tata ta sauka sai wata ta biyo, siririya, mai karyewa a tsakiya, wadda ba ta kai ƙarshe ba tari ya yanke ta. Ban taɓa jin maijego ta yi wa ɗan farinta guɗa ba, kafin ranar ko bayanta.

Romon ragon ne abin da ya fara zama a cikin Kulu. Da bazara ta yi aka sa mu a jirgi. Tun ranar sunan Baffa ya ɗaure mini kafaɗa da kara irin na ɗorin maraƙi, ta haɗe a karkace, ƙoshiya ba ta ƙara gudu a hannuna kamar da ba. Baffa bai wuce Bilbis ba sai da ya raka mu Mada, ya tsaya a zauren mahaifin Kulu a gaban dattawa, ya zare wuƙarsa ya ajiye a kan tabarma, ya ce, "Da wagga anka yanka, a gabana, ubanai kuma shi ya kira sunan da bakinai." Ba wanda ya ƙara tambaya.

Yanzu yaron ya fi ni tsawo, shi ke zaune a gaban saƙata. In ina nemansa nakan ce kai, ko in yi gyaran murya, ya san da shi nake. A nan ma ba zan rubuta sunansa ba. A rana ɗaya kaɗai bakina ya taɓa faɗinsa, a ƙasar da ba ta jin Hausa, kuma wadda aka faɗa dominta ta ji.